Bin Sawun Sukarin da Ya Faɗi

Allurar insulin idan ta shiga jiki ta shiga ke nan, babu mai iya janyo ta. A jikin yaro mai lafiya akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke sakin insulin daidai da abin da yaron ya ci. Ya cika ciki ta ƙara, ya wuni da yunwa ta rage, ba wanda ya sa ta. Insulin kuwa shi ne sinadarin da ke kwashe sukari daga cikin jini ya kai shi tsoka da sauran sassan jiki inda za a more shi. Yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon sukari, wanda ya fi kama yara, gaɓar nan tasa ta bar aikin, sai an riƙa ba shi insulin ta allura kullum. Amma wanda aka zuƙa a sirinji da safe bai san yau koko ya tsinke ba, bai san an aiki yaron Tashar Yari a ƙafa ba. Kwasa kawai yake yi. In abinci bai tarar da shi ba, sai ya kwashe har rabon ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba ta ajiya, abin da jini ya kawo mata a lokacin da shi take aiki.

Lissafin da gaɓa ɗaya ke yi a ɓoye ya dawo hannun mutum ke nan. A Paki ko Gimi ko Likoro, mutumin nan galibi uwa ce, wani gidan kaka, wani gidan yaya ko uba. Wata ko firamare ba ta gama ba. Duk da haka, wadda ta riƙe aikin da gaske takan kai matsayin da ma'aikacin lafiya zai tsaya ya saurare ta, musamman a kan abin da ya fi ɗaure kai: sukari ya faɗi ƙasa alhali an yi allura yadda aka saba, an ci abinci yadda aka saba, kowa na cewa babu dalili.

Ido ne farkon kayan aikinta. Faɗuwar sukari hawa biyu take zuwa. Da fari jiki ne ke sanarwa: gumi mai sanyi a goshi ko da ana hunturu, hannu na karkarwa, zuciya na bugawa da sauri, yunwa ta taso farat ɗaya, leɓe da tafin hannu su koɗe. In ba a tare abin a nan ba, sai ƙwaƙwalwa ta soma gazawa. Yaro mai haƙuri ya tsiri rigima, mai surutu ya yi tsit yana kallon wuri ɗaya, harshe ya harɗe, tafiya ta koma tangaɗi. Da dare alamun sukan ɓuya cikin barci: firgita, mugun mafarki, shimfiɗa jiƙe da gumi, a tashi da ciwon kai. Kowane yaro da irin tasa alamar, kuma uwa ta san ta ɗanta tun kafin kowa ya lura. A gidajen da ake kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa balle ta tsura masa ido cikin mutane, wannan ciwo yakan sa ta ajiye kawaici gefe, kuma a ganina babu mai hankalin da zai ga laifinta.

Sai na'urar gwaji, 'yar ƙarama da ba ta cika tafin hannu ba, da tsinkenta, da 'yar allurar huda yatsa. Kafin komai sai an wanke hannun yaro da sabulu an tsane shi sarai. A ƙasar rake irin Maƙarfi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya taɓa rake ko mazarƙwaila ko mangwaro ko inabin Hunƙuyi, zaƙin da ya saura a yatsarsa zai gauraya da ɗigon jini, na'ura ta nuna sukari ya hau alhali bai hau ba. Wanda ya gaskata wannan lamba ya ƙara insulin, shi ya kira faɗuwar da hannunsa. Jiƙaƙƙen yatsa kuma tsinka jinin yake yi, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. A gefen kan yatsa take hudawa, don can ya fi tsakiya rashin zafi, kuma tana sauya yatsa. Ta zaro tsinke ɗaya ta rufe gwangwanin nan take, domin zafi da laima suna lalata sauran.

Na'urorin iri biyu ne. Wata ƙananan lambobi take nunawa, wata manya, in ka ninka ƙaramar sau 18 ka sami babbar. Iyakar da likitoci suka ja ita ce 3.9 a mai ƙananan lambobi, wato 70 a ɗayar. Daga nan zuwa ƙasa a tashi tsaye. In lamba ta gaza 3.0, wato 54, abin ya yi tsanani. In tsinke ya ƙare kuma ga alamu a fili, ba ta jira, sukari take bayarwa.

Maganin yana nan cikin gwangwanin kayan shayi, gwanintar tana cikin awo. Ƙa'idar likitocin yara ita ce kusan giram 0.3 na sukari ga kowane kilo na nauyin yaro, shi ya sa take riƙe da nauyin ɗanta na awon ƙarshe a ka. Yaro mai kilo 30 giram 9 ke nan, cokalin shayi biyu da ɗan ɗori, tunda shafaffen cokali kusan giram 4 yake ɗauka. Mai kilo 50 giram 15, kusan cokali huɗu. Ta dama a ɗan ruwa ta ba shi ya shanye, ta zaunar da shi. In babu sukari zuma ta yi, ko rabin ƙaramin kofi na lemon kwalba, muddin ba irin wanda aka rubuta babu sukari a ciki ba ne. Ba ta miƙa masa ƙuli-ƙuli ko cakulan ko madara a wannan lokacin, domin maiƙo yana jinkirta shigar sukari cikin jini.

Daga nan sai jira na minti 15, kuma shi ya fi komai wuya. Yaro na kukan yunwa, kaka na cewa a ba shi duk abin da ke tukunya, ita kuma ta san in aka ɗura masa, nan da awa biyu sukarin zai haura sama, a bi shi da ƙarin insulin, a sake faɗuwa. Tana duban agogon waya. Lokaci ya cika ta sake gwaji. In bai haura iyaka ba ta maimaita awon ɗazu. In ya haura kuma abinci na gaba da saura, sai ta ba shi abu mai zama a ciki, ɗan burodi ko fura marar sukari ko ragowar tuwo, don ya riƙe shi.

Akwai ranar da ba a fata, ranar da za a tarar da yaro a some ko yana jijjiga. A nan jama'a kan taru da shawara iri-iri: a ce iska ce, a kunna hayaƙi, a cusa cokali a baki, a ɗura ruwa. Ita ba ta barin a ɗura masa komai, don wanda ba ya cikin hayyacinsa abin sha huhunsa yake faɗawa. Ta kwantar da shi a kan gefensa, in jijjigar ta lafa ta jiƙa sukari da ɗigon ruwa ta shafa kaɗan-kaɗan ƙarƙashin harshe ko cikin kumatu, wani kuma tuni ya tafi neman abin hawa. Wani bincike da aka yi a kan yara a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, aka buga a 2005, ya nuna sukarin ƙarƙashin harshe yana ɗaga na jini inda ƙarin ruwa bai samu da wuri ba. Agajin hanya ne dai. Akwai allurar gulukagon, wadda ke sa hanta ta saki sukarin da ta tara, amma ba kasafai ake samun ta a gidajenmu ba, don haka sai asibiti mafi kusa, na Ikara ko na Maƙarfi ko na Hunƙuyi, inda za a sa masa gulukos ta jijiya. Addu'a na bakinta tsawon hanya, ba ta rage mata sauri ba.

Bayan irin wannan rana ba a rasa dangin da zai ce allurar nan ce ke kayar da shi, a daina a koma jiƙo. Shawara ce ta ƙauna, amma tana kisa. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da insulin a Toronto ta Kanada a 1921, a kuma yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson a watan Janairu na 1922, yaran da suka kamu da wannan nau'in da wuya su wuce shekara ɗaya ko biyu. Har yau wanda aka tsayar wa allura, cikin kwanaki kaɗan jininsa zai yi tsami, ya shiga amai da numfashi mai nauyi, ya suma. Gwanar uwa takan saurari dangi da ladabi, ta yi godiya, magariba ta yi ta ɗauko sirinji.

To, yaro ya farfaɗo, ya ci, ya koma wasa. Mai son jiki a nan yake ajiye maganar, ya ce ai haka ciwon yake, yau sama gobe ƙasa. Ita ma ta yarda komai da nufin Allah, sai dai ta san Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma faɗuwar da ba a gano sababinta ba tana nan dawowa. Sai ta ɗauko littafi ta soma komawa baya, kamar mai bin sawun dabbar da ta ɓace.

Littafin irin na 'yan makaranta ne, an tsaga shafi gida-gida da biro: lokaci, lambar gwaji, yawan allura, inda aka yi ta, abin da aka ci, sai gida na ƙarshe mai faɗi na abin da ya faru a ranar. Wadda ba ta boko da ajami take yi, ko ta sa babbar 'ya ta rubuta. Tambayar farko ita ce ƙarfe nawa ya faɗi, domin kowane insulin da lokacin ganiyarsa. Mai sauri, mai haske garai, yakan soma aiki bayan kusan rabin awa, ya yi ƙarfi tsakanin awa 2 zuwa 4. Mai jinkiri, fari mai launin madara, ƙarfinsa kan kama daga awa 4 zuwa wajen 10. Wanda yara da yawa ke amfani da shi gauraye ne, kashi 30 mai sauri, 70 mai jinkiri, a yi safe da magariba. Faɗuwar hantsi ko ta kafin azahar tana nuna allurar safe da karin kumallo, ta ƙarfe biyu ko uku na dare tana nuna allurar magariba da tuwon dare. Akwai kuma na zamani masu dogon aiki da su ma garai suke, shi ya sa sunan kwalba take dubawa, ba launi kaɗai ba.

Sai sirinji, inda wani haɗari ke ɓoye wanda mutane ƙalilan suka sani. Akwai kwalbar da aka rubuta 40 a jikinta, akwai mai 100, ma'ana yunit nawa ke cikin mililita ɗaya. Kowace da sirinjinta, na 40 galibi jan murfi, na 100 mai ruwan lemo. In sirinji ya ƙare aka aiki yaro kemis ya sayo wanda ya samu, aka zuƙi insulin mai 100 a sirinjin 40 har layin da aka saba, abin da ya shiga jiki ninki biyu da rabi ne, layin 10 ya zama yunit 25. Ba wanda ya yi kuskuren ƙirga, a layin da likita ya nuna aka tsaya. Shi ya sa gwana ba ta karɓar sabon sirinji sai ta jera shi da kwalba ta ga lambobin sun zo ɗaya. Farin insulin kuma yakan kwanta a gindin kwalba, sai an mirgina ta tsakanin tafuka sau 10 zuwa 20 a hankali, ba girgizawa ba, har launin ya daidaita. Mai gaggawa yau zai zuƙi tsinkakke, ƙarshen kwalba ya zuƙi mai kauri. Takan tambaya ma wa ya yi allurar, don a babban gida uba kan yi kafin ya fita gona, yaya ta sake yi ba ta sani ba. Alamar biro ɗaya a littafi da zarar an zare allura ta kashe wannan.

Daga nan ta shafa cinyar yaro da cikinsa tana neman ƙullutu. Wurin da aka dimanci soka yakan kumbura ya yi tauri, yaro kuma can ya fi so don ba zafi. Insulin da ya shiga ƙullutu ba ya fita daidai, sukari ya yi ta hawa, a ƙara yawan allura. Ranar da aka koma lafiyayyen wuri, dukkan abin da aka ƙara sai ya yi aiki cif. Siririn yaro kuma sai an tattaro fatarsa da yatsu biyu kafin a soka, in ba haka ba allura ta kai tsoka, tsoka kuwa da sauri take zuƙa. Cinyar da aka yi wa allura aka hau keke da ita, ita ma haka.

Abinci shi ne inda na fi jinjina wa basirarta, domin an ci yadda aka saba magana ce mai ruɗi. Malmalar watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi ƙasa ga tsada, ba ita ce malmalar kaka ba. Kokon da aka ƙara wa ruwa don ya ishi kowa, ludayi biyu dai sunansa, amma abin da ke ciki ya ragu. Yaran da ke ci kwano ɗaya, mai sanyin hannu bai san nawa ya samu ba. Don haka take ware masa kwanonsa, kwano ɗaya kullum, ta san inda tuwo ke tsayawa a cikinsa. Tambayarta ma da dabara take yin ta, ba da faɗa ba, don yaron da ke tsoro ba ya faɗin gaskiya. "Ɗan nan, ɗanwaken tara kai ka ci ko kun raba?" Sai ya sunkuyar da kai: "Inna, abokina bai zo da komai ba." An gano ke nan. Gobe a ƙulla masa kashi biyu. Da azumi kuma, yaron da ke son ya yi kamar tsaransa yakan ɓoye abincinsa, sai an zaunar da shi an faɗa masa addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Aikin ƙarfi yana da wata ɗabi'a da ke ɓatar da masu nema. Yaro ya buga ƙwallo bayan la'asar, ko ya wuni tsinkar tumatir a fadamun Ikara, ko ɗaukar damin rake, ya dawo lafiya lau, lambar magariba mai kyau. Amma tsokar da ta ƙarar da ajiyarta tana nan tana jan sukari daga jini don ta mayar, har tsakar dare, wani lokaci har washegari. Wanda ya tsaya a kan abin da ya faru awa ɗaya kafin faɗuwa ba zai ga komai ba. Ita gidan ƙarshe na jiya take dubawa. Da yake tsinke da tsada, a irin wannan rana take kashe shi: ɗaya kafin barci, a ƙara ɗan abinci in lamba ta yi ƙasa-ƙasa, ɗaya wajen ƙarfe biyu ko uku na dare. Malamin boko da na allo duk an sanar da su, ga ƙullin sukari a aljihun yaro kullum.

Zafi ma da hannunsa ta fuska biyu. A bazara insulin ya fi saurin shiga jini. Sannan kwalbar da ta sha zafi ƙarfinta raguwa yake yi a hankali, a riƙa ƙara yawan allura ana zaton ciwo ne ya ƙaru, ranar da aka buɗe sabuwa mai cikakken ƙarfi sai yaro ya faɗi. Shi ya sa take rubuta ranar buɗe kowace kwalba, ta kuma san wadda aka buɗe kusan mako huɗu take da shi. Inda babu firji ko wutar da za a dogara da ita, ƙaramar tukunyar ƙasa take sawa cikin babba, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa mai iska, kwalbar na ƙulle cikin leda don ruwa kada ya goge rubutunta. Dabarar ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa don adana kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Wani bincike da aka yi a Khartum aka buga a 2016 ya nuna tukwanen ƙasa suna rage wa insulin zafi sosai, musamman inda iska ke a bushe. Yashin sai an riƙa jiƙa shi safe da yamma.

Rashin lafiya ba ta ɓuya: amai da gudawa suna hana abinci zama, zazzaɓin cizon sauro kan iya kai sukari ƙasa ko sama, don haka a ƙara gwaji a nemi likita, ba a tsayar da allura. Abin da ke ruɗa gida shi ne wanda kan zo makonni bayan an gano ciwon. Ragowar ƙwayoyin fankiriyas sukan ɗan farfaɗo su soma sakin nasu insulin, ya haɗu da na allura ya yi yawa. Sai a ce yaro ya warke. Sauƙi ne na watanni, likita zai rage allurar sosai ya ci gaba da sa ido har lokacin ya wuce.

Wani lokaci duk ta bi waɗannan ba ta sami komai ba, faɗuwar kuma tana maimaituwa. Sanin cewa nan ne iyakarta yana cikin gwanintar. Ba ta barin abin ya daɗe, domin yaron da sukarinsa ke yawan faɗuwa jikinsa kan daina sanarwa, ba gumi ba karkarwa, sai dai a ga ya zube. Ta naɗe littafi da kwalba da sirinji da na'ura, a kama hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akwai cututtukan da kan biyo wannan nau'in ciwon sukari, waɗanda sai gwajin jini ke nuna su. Ɗaya ciwon hanji ne da alkama ke tayarwa, yaro ya ci burodi ko taliya hanji ya kasa tsotse abincin, ga kumburin ciki ga rashin girma. Wani na wasu ƙananan gaɓoɓi ne da ke saman ƙoda, alamarsa kasala da rama da son gishiri da dasashi ya yi duhu. Wani na gaɓar da ke gaban wuya ne. Likita zai buɗe littafin ya bi gidan lokaci da yatsa, ya sa ta zuƙi allura a gabansa ya ga hannunta, ya shafa cinyar yaron, ya rubuta gwaje-gwaje. Yawanci zai rage allurar da ke aiki a lokacin faɗuwar da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ya yarda sukari ya zauna ɗan sama da yadda aka saba na mako biyu zuwa uku, don jikin yaron ya dawo da jin alamun, sannan ya ba su ranar dawowa da littafin.